Kulle ne ya jefa su, ko dama can suna ciki?

Har yau, in aka taɓo zancen shaye-shaye a majalisun Unguwa Uku, Gyadi-Gyadi da Tarauni, sai an raba gari a kan shekarar 2020. Wasu na rantsuwa cewa zaman kullen korona ne ya lalata musu yara: yaron da yake fita nema tun asuba ya dawo da cefane, an zaunar da shi wata da watanni, ya tashi da ƙwaya a aljihu. Wasu kuma na cewa wannan neman mafaka ne kawai, Kano ta daɗe da nutsewa tun kafin a ji sunan wata cuta daga ƙasar Sin, kulle bai yi komai ba illa tona abin da ake rufewa. Gardamar ta wuce ta cika baki a teburin mai shayi, domin amsar da mutum ya bayar ita ke nuna inda zai ce a kai mashayi, asibiti ko caji ofis.

Ranakun dai kowa ya yarda da su. A ƙarshen Maris 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta rufe iyakokin jihar. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Kano. Daren Alhamis 16 ga Afrilu dokar kulle ta fara aiki, aka ce kwana 7 ne. Ranar 27 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu cur, daga nan aka shiga ƙari kan ƙari, ana buɗe gari wasu ranaku na 'yan sa'o'i don a yi cefane, har sai farkon Yuli aka ɗage. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, ke nan watan Ramadan gaba ɗayansa a kulle aka yi shi. Tarauni kuwa ƙaramar hukuma ce mai ɗan fili da cunkoson jama'a, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000, sakatariyarta a Unguwa Uku take, kuma mutanenta da yawa a kan titin Zariya suke neman abinci.

Masu ɗora laifi a kan kulle daga tashar motar Unguwa Uku suke fara kafa hujja, kuma wurin farawa ne mai kyau. Duk motar da ta tashi daga Unguwa Uku zuwa Zariya, Kaduna ko Abuja, ba direba kaɗai take ciyarwa ba. Akwai ɗan kamashon da muryarsa ta dushe wajen kiran fasinja, da mai lodin da ya ɗaure kaya, da yaron mota, da mai faci, da bakanike, da mai shayin da ya soya wa direba ƙwai, da yarinya mai tallan ruwan leda, da ɗan adaidaita sahun da ya ɗauko fasinjan tun daga Hotoro ko Darmanawa. Dukkansu hannu baka hannu ƙwarya suke, abin da aka samu yau shi za a ci yau. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, wadda ba a sake ta ba sai 1 ga Yuli, tashar ta koma wurin ajiye motoci, ƙura ta rufe gilasai, tayoyi suka sace a inda suke. Mutumin da ya saba tashi kafin assalatu, ya wuni yana gudu da ihu, ya kwanta a gajiye barci ya ɗauke shi nan take, shi ne aka ce ya zauna a ɗaki ɗaya da mata da yara, ko a shagon samari da abokai huɗu, cikin zafin Afrilu da Mayu, ba wuta, ba kuɗi, ba a kuma faɗa masa ranar fita ba.

Suna ƙarawa da cewa ba aiki kaɗai aka tsayar ba. Makarantun boko da na Islamiyya sun rufe tun Maris. Malaman jami'a sun shiga yajin aikin da ya kai su har Disamba, don haka ɗaliban Jami'ar Bayero suka dawo unguwa suka tarar da ƙannensu na sakandare zaune a dakali. An dakatar da sallar Juma'a na makonni, ba a yi tafsiri ba a masallatai, ba a yi tarawihi a jam'i ba, ba itikafi. Gidajen kallon ƙwallo sun mutu tun da Turai ta tsayar da wasanninta. Hawan Sallah ma ba a yi ba. Yaran da suka fita tamaula a fili aka riƙa korarsu, wanda aka kama yana yawo aka kai shi kotun tafi-da-gidanka aka ci shi tara. Duk abin da ke cinye lokacin saurayi, ya gajiyar da jikinsa, ya haɗa shi da idon manya, an ɗauke shi a cikin 'yan makonni. Mutum ɗaya ne dokar ba ta iya rufe wa shago ba, wato dila, domin dama shi ba shi da shago. A lungu yake, a kango, ko a cikin waya.

Sai kuma tsoro, wanda yanzu mutane ke son mantawa. A watan Afrilu masu haƙar kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Kullum sai an wayi gari da sanarwar rasuwar wani malami, wani farfesa, wani dattijon unguwa. Ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, nan maƙwabtan Gyadi-Gyadi, ya tsaya na kwanaki a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Asibitoci masu zaman kansu da dama suka ja ƙofa. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce daga cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama masu nasaba da cutar. Saurayin da ya binne mahaifinsa cikin gaggawa, ba zaman makoki irin na al'ada, ba 'yan uwa daga nesa, ya koma ɗaki da nauyin ƙanne a wuyansa, me ake so ya yi da daren da barci ya ƙi zuwa? Masu wannan ra'ayi kan ce a duba duniya ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100. A Amurka, waɗanda ƙwaya ta kashe sun tashi daga kimanin 70,000 a 2019 zuwa sama da 91,000 a 2020. In masu albashi da tallafin gwamnati suka faɗa haka, ina ga ɗan kamashon Unguwa Uku?

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake cewa shi ne a daina yi wa tarihi kwaskwarima. A Oktoba 2017, shekara biyu da rabi kafin kulle, a zauren Majalisar Dattawa aka ce ana shanye kwalaben kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ko da mutum ya ce adadin akwai zuzutawa a ciki, abin ya kai ga shugabannin majalisar, ƙarƙashin Bukola Saraki, suka taso takanas zuwa Kano a Disambar shekarar don zama a kan matsalar. A ƙarshen Afrilu 2018 BBC ta fitar da binciken da ya nuna yadda kodin ke fita daga hannun ma'aikatan kamfanonin magani zuwa kasuwar bayan fage, har da matasan Kano ɗaure da sarƙa a gidan gyaran hali, washegari gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A Janairu 2019 aka fitar da babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ya ce 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. Kano aka ba ta kashi 16 cikin 100, wato mutum sama da miliyan 1. Duk wannan, in ji su, korona ba ta ko haifu ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta alƙaluma kaifi, kuma ita ce ake ji daga bakin dattawa. Za ka ji tsoho ya dubi saurayi ya ce, "Ɗana, yunwa tuwo take sa mutum ya nema. Wanda ba shi da kuɗin garin kwaki, a ina ya samo na roci?" Kulle bai zaɓi gida ba, kowa ya sha shi. A layi ɗaya, wani saurayin ya ƙare watan a buge, maƙwabcinsa kuma ya ƙare shi yana zagayawa da bokitin kunu da ƙosai yana raba wa marasa ƙarfi lokacin buɗa-baki. Wani ya sauke Alƙur'ani, wani ya koyi ɗinkin takunkumi ya sayar. In aka ce kulle ne ya tilasta wa na farkon, to an ci fuskar na biyun, an mai da haƙurinsa kamar wata sa'a ce ta faɗo masa. Kuma ba abin da mashayi yake so irin a miƙa masa uzuri. Jiya talauci ne, yau korona, gobe tsadar mai. Wanda aka saba wa cewa ba laifinsa ba ne, ba zai taɓa ganin cewa barin abin a hannunsa yake ba.

Suna da ta uku, wadda masu ɗora laifi a kan kulle ba su cika son ji ba. A hankalce, in ji su, kulle ragewa ya kamata ya yi. A lokacin, iyakokin ƙasa na tudu a rufe suke tun Agusta 2019. Kasuwar Sabon Gari, inda dillalan magani suke a lokacin, ta rufu tare da sauran kasuwanni. Shingayen jami'an tsaro sun cika hanya. Kuɗi ya yanke. Uba da ba ya ganin ɗansa sai dare ya zauna da shi wuni guda. Ga azumi, wanda ko ɗan ƙwaya na jin nauyinsa. Akwai gidajen da a wannan zaman ne aka gane halin da yaro yake ciki aka tashi tsaye a kansa, kuma akwai samarin da rashin kuɗi da idon iyaye suka raba su da abin har yau.

A nan ne nake ganin ɓangare na biyu ya yi tuntuɓe, duk da ƙarfin hujjojinsa. Sun ɗauka mai shan ƙwaya kamar mai sayen atamfa ne, in ta yi tsada sai ya haƙura zuwa baɗi. Wanda jikinsa ya riga ya saba, tsada ba ta sa shi dainawa. Waya yake fara sayarwa, sai takalmi, sai ya koma kan kayan ɗakin uwa. In wannan ya ƙare sai ya sauko zuwa abin da ya fi araha, wanda kusan kullum shi ya fi kisa: sholisho na mai faci da mai gyaran takalmi, fetur a tsumma, madarar sukudayi, zaƙamin da ke fitowa kyauta a kango da bakin juji, ko gadagin da aka cusa wa abin da mai dafawar kaɗai ya sani. Afirka ta Kudu ta gwada wannan lissafin a sarari. Daga 27 ga Maris 2020 ta haramta sayar da giya da sigari, haramcin sigarin ya kai har Agusta. Binciken Jami'ar Cape Town ya nuna mafi yawan masu shan taba sun ci gaba da saye a bayan fage, da tsada ninki-ba-ninki, 'yan fasa-ƙwauri suka kwashi garabasa. Toshe hanyar kaya yana hana sabon shiga, wannan gaskiya ne. Wanda ya riga ya yi nisa kuwa, canja masa guba kawai yake yi.

Akwai kuma abin da ya shafi tasha musamman. Tiramol a wajen ɗan dako, direban dogon zango da mai tura kura, tun asali ba don nishaɗi ake haɗiyarsa ba, don aiki ne, a kashe ciwon baya, a kori barci, a ƙara sahu ɗaya. Likita 50 ko 100 yake rubutawa, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa 200 ne, 225, har 250. Muddin ana aiki, aikin da kansa yana sa wa abin iyaka, domin wanda ya yi mankas ba zai iya ɗaure kaya ko riƙe sitiyari ba, kuma ogansa na kallonsa. Da aikin ya tsaya, iyakar ta tafi, sabon ya zauna. Ƙwayar safe ɗaya ta zama ta safe da ta rana da ta dare, aka haɗa ta da ta barci don a samu a runtsa. Haɗa masu kashe zafi da masu sa barci kuwa numfashi yake dannewa, a lokacin da cutar da ke yawo a gari huhu take kamawa. Ga wiwi da shisha da ake zagayawa da su baki-baki a ɗaki rufe.

Wanda bai taɓa ganin mai tiramol ya rasa shi ba, ba zai gane dalilin da ya sa nake cewa zancen "ya daina mana" bai isa ba. Na ga wani saurayi a cikin kullen nan, maƙwabcin 'yan uwana, kwance a tabarma a soro. Gumi na karyo masa alhali yana rawar sanyi, hanci na zuba, hamma ba ƙaƙƙautawa, cikinsa na murɗawa, ƙafafunsa sun ƙi zama wuri ɗaya. Mahaifiyarsa na tsaye daga bakin ƙofa da kofin jiƙo, tana cewa, "Sannu, Babana, daure ka sha." Ita a zatonta korona ce, kuma tsoronta kada maƙwabta su ji a kira motar da za ta kai shi wurin killacewa a Kwanar Dawaki. Shi kuwa ya san abin da ke damunsa, ya kuma san ƙwaya ɗaya za ta tashe shi zaune cikin rabin sa'a, amma da wane baki zai faɗa mata? Asibitin koyarwa, mai sashen likitocin ƙwaƙwalwa, yana nan tafiyar ƙafa daga gidan. Ba wanda ya yi tunanin kai shi, domin a lokacin asibiti wurin gudu ne. Ƙaninsa aka aika lungu.

Wani kuskuren da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai shi ne, da an ce shaye-shaye sai su hango saurayi mai jajayen ido a bakin kwata. Binciken 2019 ɗin nan ya ce a cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da kayan maye, ɗaya mace ce, amma a wuraren neman magani ba a ganin su sai ƙalilan. Matar da kulle ya haɗa ta wuni da kwana da miji marar aiki mai saurin fushi, da yara masu kukan yunwa, da abokiyar zama a tsakar gida ɗaya, ba biki, ba suna, ba zuwa gidan iyaye a sha iska, ita ma tana da hanyarta. Ƙawa ce za ta aiko mata da abin a robar lemo, ko a aiki yaro kemis ya karɓo ƙwayar barci ba takardar likita. Kemis kuwa, da yake wurin lalura ne, ƙofarsa ba ta rufu kamar ta sauran shaguna ba, shi ya zama likitan unguwa. Magidanta masu kamala, waɗanda za su yi faɗa in aka kira su mashaya, sun riƙa haɗiyar maganin barci da na kashe zafi ba lissafi. Wasu suka bi kulorokwin tun da shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabe shi a Maris, har jami'an lafiya a Legas suka ba da labarin waɗanda ya yi wa illa. A Iran ɗaruruwan mutane suka mutu da gurɓatacciyar barasa saboda jita-jitar cewa tana kashe cutar. Da aka dawo da ƙwallon Turai a tsakiyar shekara, cacar waya ta kwashi nata rabon cikin samarin da bashi ya yi wa katutu. Waɗannan duk hanyoyin gudun damuwa ne da ke ƙara damuwar, kuma ba wanda yake lissafa su a gardamar majalisa.

To, me za a yi? Masu cewa dama can suna ciki, kame suke so, kuma ba su rasa dalili. Wanda aka tare da wuƙa aka ƙwace masa waya a hanyar dawowa daga masallaci, ko matar da aka kashe wa ɗa a faɗan daba, in ka ce mata wanda ya yi abin marar lafiya ne, ka ƙara mata ciwo. Suna nuni da cewa tun da Buba Marwa ya karɓi ragamar hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Janairu 2021 aka ga kame na gaske, har da manyan dillalai. Suna nuni da tashin dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro a 2024, inda hukuma za ta iya sa ido a kan abin da ke shiga da fita. Suna kuma tambayar da ba ta da amsa mai daɗi: 'yan siyasar da ke raba wa yara kuɗin caji lokacin kamfe, korona ce ta aiko su? A kan dila, da mai kemis ɗin da ya san abin da yake sayarwa, da mai ɗaure musu gindi, ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Amma a kan mashayin kansa, kame ya sha gwaji. A kama shi, a aske masa kai, a tsare shi kwanaki, ya fito da ciwon da ya shiga da shi da sababbin abokai. Binciken 2019 ɗin nan ya ce kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka yi nisa sun faɗa da bakinsu cewa suna bukatar magani, abin da ke tare su tsada ce, da kunya, da rashin wurin zuwa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau yana can ɗaya gefen gari, kuma sunansa kaɗai ya ishi iyali su ɓoye ɗansu. Makarantar gyaran hali ta Ƙiru tana wajen birni. Ga wani abu da ba a cika haɗa shi da zancen kulle ba alhali ya kamata: a Satumba da Oktoba 2019, bayan abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna da Daura da Katsina na ɗaure mutane da azabtar da su, an rufe gidajen mari, har da na Kano. Rufewar daidai ce, abin da aka gani a ciki ba mai imanin da zai kare shi. Sai dai nan ne talaka yake kai ɗansa in ya gagare shi, kuma wata shida bayan rufewar kulle ya zo, iyaye ba su da tsohuwar hanyar, ba a ba su sabuwa ba. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya kafa DrugHelpNet a 2020, likitoci da masu ba da shawara suna amsa waya, amma yaran tasha nawa ne suka ji labarinsa?

Kowane ɓangare na jawo addini gefensa. Masu kame na cewa kiyaye hankali yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare, kuma duk abin da ke gusar da shi haramun ne, a annoba ko a lafiya. Wannan ba mai ja. Amma malamanmu su suka karantar da mu cewa haramcin giya mataki-mataki ya sauka a kan mutanen da suka saba da ita. Su suka ba mu labarin sahabin da aka yi ta kawowa ana yi masa haddi saboda sha, da wani ya tsine masa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Mu kuwa sau da yawa korar muke yi mu bar gyaran, sai uba ya ce ya sallama wa duniya yaro, sai yaron ya koma kwana a tasha, inda dila ke jiransa.

Hukuncina a kan gardamar shi ne, a tambayar asali ɓangare na biyu ya yi nasara. Kulle bai kawo ƙwaya Unguwa Uku ba, ya tarar da ita, da dillalanta, da masu sayenta. Kullen ma ba a yi shi don wasa ba, kaburburan Afrilu shaida ne. Amma a tambayar abin da watannin nan suka yi wa mutane, ɓangare na farko ne ke da gaskiya. Mai taɓawa jefi-jefi ya zama na kullum, mai sha don aiki ya koma sha don mantuwa, mai son dainawa ya rasa wanda zai riƙe hannunsa. Hukuma ta yi tunanin shinge da tara, ta ɗan yi tunanin shinkafar tallafi wadda gidaje da yawa labarinta kawai suka ji, amma a jihar da aka riga aka faɗa mata tana da mashaya sama da miliyan 1, ba a ji wani tanadi da ya iso lungunanmu ba game da abin da zai same su in aka rufe su a ɗaki. Alhakin haɗiyar yana wuyan mai haɗiya. Alhakin rashin tanadin yana wuyan waɗanda suka san adadin tun 2019.

Kano ba baƙuwar annoba ba ce. An yi sanƙarau a 1996, kwalara na leƙowa da damina, mashaƙo ya yi ɓarna a 2023, kuma ba mai tabbacin ba za a sake cewa a zauna a gida ba. Yanzu akwai abin da babu a 2020: NDLEA ta buɗe layin kira kyauta a 2022, an kuma sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairu 2023 a madadin ta 1958. Saura a sauko da su ƙasa. Ƙaramar hukumar Tarauni ta nemi asibitin koyarwa ya horar da ma'aikaci ko da ɗaya ne a kowane ƙaramin asibitin mazaɓunta, wanda zai gane mai fama da rashin ƙwaya ya san inda zai tura shi, da mace a cikinsu don mata su iya zuwa. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha sun san yaransu ɗaya bayan ɗaya, su buɗe ƙofa likita ya riƙa shigowa. Limamai da masu unguwanni su faɗa wa iyaye a fili cewa kai yaro wurin likita ba tonon asiri ba ne. Dila kuwa, wanda duk layi ya san gidansa, a kai sunansa inda ya dace.